Tukunya Ta Yi Mana Girma

Washegarin da Auta ya tafi bautar ƙasa, mamansu ta auna shinkafa kamar kullum. Hannunta ne ya auna, hankalinta yana can kan hanyar kudu. Sama da shekara talatin ke nan hannun nan yana shiga buhu ya fito da abin da zai ishi gida mai samari, ba ya neman shawarar kowa. Sai da aka sauke aka zo rabo, ta jera kwanuka a tsakar gida, sannan ta tsaya da cokali a hannu tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Mu uku muka rage: ni, da ita, da Hajiya mahaifiyata. Ranar almajiran layinmu suka kwashi garaɓasa, har wanda bai yi sallama ba sai da aka aika aka kira shi. Hajiya tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta ɗaga kai ta ce, "Ku ci gaba da dafa haka. Kafin Juma'a malaminsu da kansa zai zo da kwanonsa." Muka yi dariya mu duka. Mamansu ma ta yi, sannan ta koma madafa ta daɗe ba ta fito ba, alhali babu sauran abin da ke kan wuta.

Tukunyar ta dalma ce, na saye ta a Kasuwar Kurmi shekarar da aka haifi na uku. A ganiyar gidan nan, da namu huɗu da 'ya'yan ƙanena biyu da suka zo karatu daga ƙauye, da kyar take kaiwa. Ko ƙanzo sai an yi shari'a a kansa. Yanzu ta yi mana girma. Kuma abin da muka roƙa ke nan. Duk asubar da muka tashe su cikin sanyin hunturu, duk kuɗin makarantar da aka biya da kwasar adashi, duk daren da na zauna ina duba musu lissafi a hasken fitilar ƙwai, roƙonmu ɗaya ne: Allah ya sa su tsaya da ƙafafunsu. Ya amsa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wanda ya tsaya da ƙafarsa tafiya zai yi da ita.

Na farin ba na kiran sunansa. Sunan mahaifina ne da shi, ga kuma kunyar ɗan fari, abu biyu sun haɗu. Ni "yaron nan" nake cewa, mamansu kuma "Yayansu". Ya karanta injiniyancin hanyoyi da gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, shekara biyar a Samaru. Ranar da sunansa ya fito, wani abokin aikina Bazazzagi ya tare ni a ɗakin malamai yana tafa hannu: "Madalla, Kanawa sun gane hanya! Ku kawo su mu koya musu, in sun iya sai su koma Kwari su ƙirga kuɗi." Na ce masa in ba don kuɗin Kwari ba da wa zai sayi buhunan masarar Zazzau. Wasan Bakano da Bazazzagi ne, amma na lura ranar shi ya fara shelanta wa kowa labarin, ya hutar da ni faɗar abin da bakina ba zai iya faɗa ba.

Ranar bikin yaye su mota guda muka yi shata. Mun so Hajiya ta zauna saboda ƙafa, ta ce, "Mijina zai sauke karatu in zauna a gida? Ku dai ku zauna." Bayan asuba muka kama hanya, Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, da kuloli a bayan mota suna ƙamshin waina da miyar taushe. Wanda bai taɓa zuwa irin wannan taro ba zai zaci a cikin babban ɗakin taro ake bikin. A waje ake yinsa, ƙarƙashin itatuwa. Kowane gindin bishiya da tabarmarsa da danginsa: nan Nufawa, can Tibi da yadinsu mai zanen baƙi da fari, gaba kaɗan Yarbawa mata da ɗaurin kai kamar za su tashi sama, ga Fulani sun zo da dattijonsu da sandarsa. Jami'ar da Sardauna ya buɗe a 1962 da ɗalibai ɗari huɗu da 'yan kai, ga ta tana yaye dubbai a yini ɗaya. Na tsaya ina duban iyayen nan, na san kusan kowanne akwai abin da ya sayar: wani gona, wani saniya, wata ɗan kunnenta na aure. Ba mu san juna ba, harshenmu ba ɗaya ba, amma duk wanda muka haɗa ido da shi sai mu ɗaga wa juna hannu.

Da yaron nan ya ɓullo cikin doguwar rigar, da hular nan mai faffaɗan kai da tuntu, Hajiya ta ƙare masa kallo ta ce, "Wannan faifan fa da ka kifa a ka? Da ka faɗa mini ai da na saƙa maka wanda ya fi shi, har da ado." Ya miƙa mata takardar da ke naɗe a hannunsa, ta juya ta gaba da baya. "Shekara biyar, falle ɗaya suka ba ka? Kakanka da ya sauke, sai da aka yi wa allonsa zayyana, aka yanka rago, gari ya taru. Kai Zagezagi sun cuce ka, maigida." Ana ta dariya, ta jawo kansa, ta ture faifan gefe, ta tofa masa addu'a mai tsawo. Da ta sake shi ta sa gefen mayafi tana goge ido, ta ce ƙurar Zariya ce.

Sannan ya juyo wajena, ya tsuguna a kan ciyawa da rigar tasa. Tun daga Kano nake shirya abin da zan faɗa masa. Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, magana ba ta taɓa yi mini wuya ba. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Na ji muryar, na gane ta. Ta mahaifina ce.

Shi mahaifin nawa bai fi shekara goma ba aka damƙa shi ga wani malami suka yi gabas, wajen Nguru da Gashuwa, da allo da buzu da ɗan ƙoƙo. Shekaru ya yi bai ga mahaifiyarsa ba. Labarinsa sai in fatake sun kawo. Ya tafi yana ƙolo, ya dawo gardi da izifi sittin a ka. Don haka barin gida neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Bokon ne baƙo.

A 1975 na samu shiga kwalejin horon malamai ta kwana, shekara biyar. Shekarar da ta biyo baya gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ƙasa ta shiga ƙishirwar malamai. Ana ciyar da mu, ana ba mu sabulu da kayan makaranta, in an yi hutu a ba mu kuɗin mota. Daren da zan tafi ya kira ni zaure, ya ba ni naira biyu a ƙulle cikin tsumma. Ya ce in riƙe salla, kada in taɓa abin da ba nawa ba. Har na miƙe ya ƙara da cewa, "In za ka rubuto, ka rubuto da ajami. Ba na son sai na nemi mai karanta mini." Da gari ya waye ya riga ya tafi gona, ko da yake babu wani aikin gaggawa a can. Hajiya, wadda a lokacin Inna muke ce mata, ta cika mini akwatin ƙarfe da ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin yaji da man shanu a kwalba, ta shige ɗaki ta ja labule. Ni ma ɗan farinta ne. Har yau da furfurata ba ta taɓa kiran sunana ba. Kawuna ne ya ɗora akwatin a keke ya kai ni bakin titi.

Duk wata ina rubutowa. Amsa takan zo jefi-jefi ta hannun direban motar kasuwa, layi biyu ko uku: muna lafiya, an yi ruwa, ka riƙe salla. Da na gama a 1980 na kawo masa takardata, ya riƙe ta ɗan lokaci, ya miƙo mini, ya faɗi kalmomin nan da na faɗa a Samaru. Na daɗe ina ɗauka karatun nawa bai dame shi ba, haƙuri kawai ya yi da shi. Sai bayan rasuwarsa, da muka buɗe gafakarsa, muka tarar da wani ƙunshi a ƙasa. Wasiƙuna ne, duka, a jere bi da bi, gefensu ya yi baƙi don yawan taɓawa. A zaman makoki wani tela amininsa ya matso kusa da ni ya ce, "Ai mu mun haddace wasiƙunka. Duk wadda ta zo sai ya taho shagona ya ce, 'Yaron nan har yanzu bai iya rubutu ba, ku ji abin da ya rubuto.' Sai ya karanta mana tun daga bisimilla har ƙarshe. In wani ya shigo, ya sake daga farko."

Haka muke alfahari da 'ya'yanmu. Muna tsoron kambun baka, muna tsoron kada yabo ya kumbura wa yaro kai, ga kunya da kara da aka rene mu a kai. To amma abin da ya cika ciki dole ya nemi mafita. Sai ya bi ta kushen wasa, ta bakin kaka, ta addu'a, ta ƙullin yaji a ƙasan akwati. Kaka a gidan Bahaushe ita aka bar wa ƙofar da aka rufe wa uwa da uba. Abin da suka haɗiye, ita za ta faɗa cikin zolaya, kowa ya yi dariya, yaro kuma ya fahimta. Ba na yarda da masu cewa iyayenmu ba su da ƙauna. Wanda ya ga gafakar nan ba zai faɗi haka ba. Sai dai ba zan ɓoye ba, al'adar tana da tsada. Shekara ashirin da wani abu na yi ban san abin da ke zuciyar mahaifina ba, kuma ranar da na sani babu damar in je in tsuguna in ce na gode. Matasan yanzu da ke cewa a riƙa faɗa wa yaro an ji daɗinsa tun ana tare, suna da gaskiyarsu.

Yaron nan nawa jihar Oyo aka tura shi bautar ƙasa, ya yi mako ukunsa na sansani a Iseyin. Alawus a lokacin naira 19,800 ne. Na farko da ya karɓa ya aiko da shi gida gaba ɗaya, kamar yadda ake yi, a sa albarka. Mamansu ta sayi goro da sukari aka raba wa dangi. Hajiya aka kai mata naira dubu, ta ɗaga ta sama ta ce a tambayo mata shi, wannan sadaki ne ko cefane, don in sadaki ne ba ta sallama ba.

Ta biyu mace ce, kuma a kanta na fi daɗewa ina tunani. Ƙanwata da ke bi na tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta ɗakin miji. Ta fi ni kaifin ƙwaƙwalwa. In na dawo hutu ina karatu da ƙarfi, kafin in haddace ta riga ni, tana daka tana maimaitawa. Ba a sa ta a boko ba, ba don mugunta ba, haka zamanin yake. A lokacinmu ƙofa ɗaya ce 'ya mace ke fita ta cikinta daga gidan ubanta, da lulluɓi da kuka da guɗa. Da 'yata ta gama sakandare, wasu daga cikin dangi suka ce ya isa haka, sauran ta ƙarasa a ɗakinta. Na saurare su da ladabi, don masu faɗar ba maƙiya ba ne. Wadda ta kashe maganar ita ce ƙanwar tawa. Ta taso takanas daga ƙauye, ta zauna a tsakar gidan nan ta ce, "Yaya, in ka cire yarinyar nan daga makaranta, ni ka cire karo na biyu."

Ta karanta shari'a a Jami'ar Bayero, tana zuwa daga gida, shekara biyar, sannan makarantar horon lauyoyi da ke Bagauda. A 2019 aka rantsar da su a Abuja. Shekara biyu kafin nan an yi takaddama a ƙasar nan kan wata ɗaliba da aka hana shiga zauren rantsuwa saboda hijabi, har a 2018 aka amince mata su sa. Don haka tawa ta shiga da ɗan hijabinta, farar hular gashin nan ta lauyoyi a samansa. Da ta dawo ta sa kayan don kakarta ta gani, Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Kishiya, ni sai da na shekara saba'in Allah ya ba ni furfura kyauta, ke kin je kin saya da kuɗi? Duk don ki ƙwace mini girma a gidan nan?" Yarinyar ta yi dariya har hular ta zame.

Goggonta ce ta fara kawo mata aiki: takardun wata gona da ta gada, wadda wani maƙwabci yake ta cin iyakarta kaɗan-kaɗan duk damina. Na gan su zaune a tabarma ɗaya, lauya tana karantawa tana fassarawa, goggo tana gyaɗa kai, wani wurin ma tana gyara mata lissafin kadada da ka. Ladan aikin ƙullin daddawa ne da busasshiyar kuɓewa, kuma lauya ta karɓa da hannu biyu. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura mata aure. Daren kai amarya aka kawo ta gabana, na yi mata nasiha irin wadda aka yi wa goggonta, ta yi kuka irin wanda goggonta ta yi. Amma a motar kaya, tsakanin akwatuna da kwanukan jere, akwai kwali uku na littattafan shari'a, masu ɗauka suna ta tambaya ko duwatsu aka zuba. Auta kuwa, tun ba a watse daga biki ba aka kama shi a ɗakinta da igiya yana auna inda katifarsa za ta zauna.

Na ukun shi ya faɗa cikin mawuyacin lokaci. Ya shiga jami'a da lissafin shekara huɗu, sai ga korona da yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, kusan wata tara. Aka koma, sai na 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Huɗu ta zama shida. Na ga yadda zaman gida ke cin saurayi: barcin rana, saurin fushi, shiru a bakin ƙofa. Wata safiya ya ce mini zai riƙa bin wani abokinsa kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyara. Na ce ya je. Da aka koma makaranta yana karatu yana gyara wa ɗalibai wayoyi, rabin kuɗin rajistarsa na ƙarshe shi ya biya. Ya yi bautar ƙasa a Lafiya, ya ga garin ya karɓe shi, ya kama shago a can, yanzu da yara biyu a ƙarƙashinsa. Digirin yana cikin jaka. Hajiya "likitan waya" take ce masa, kuma duk zuwansa sai ta miƙa masa tata ta ce a auna ta, tana jin kamar zazzaɓi ne.

A nan ne na fi ganin nisan da ke tsakanin zamanina da nasu. Mu tun ba mu ajiye alƙalamin jarrabawa ba aka san makarantar da za a tura kowa. Takarda da aiki tare suke zuwa. Su kuwa takarda tana zuwa ita kaɗai, sai ka fita ka nemo mata abokin zama. Ina jin zafin wannan a raina, don na ga 'ya'yan maƙwabta masu ƙoƙari da shaida mai kyau suna zaune shekara uku, huɗu. Uban da ya ɗaura alfaharinsa a kan ofis da kujera zai sha baƙin ciki a wannan zamani, ya kuma sa wa ɗansa. Ni dai ranar da na ziyarci shagon nan na ga yaro ya sunkuya a kan waya da ɗan ƙarfensa, mutane na jiran layi suna ce masa "Oga", daɗin da na ji bai gaza na ranar Samaru ba.

Sai Auta. Da takardarsa ta fito aka ga Kuros Riba, sansanin Obubra, mamansu ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna. Hajiya ta sa aka maimaita mata sunan sau uku, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an je can an dawo da tsaraba ba. Dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Aka fara kawo shawara: a nemi wanda ya san wani, a dawo da shi kusa. Na kwana biyu ina juya abin. Abin da ya tsaya mini a rai wani malami ne da ya koya mana lissafi a kwaleji, ɗan bautar ƙasa daga kudu maso gabas. A lokacin shirin sabo ne. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa shi a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, don 'ya'yan ƙasar nan su zauna a garuruwan juna su san juna. Mutumin nan ya zo ba ya jin ko "sannu", hunturu ya farfasa masa leɓe, ya koyi cin tuwo da miyar kuka a gidan mai gadinmu. Shi ya sa na daina tsoron lissafi, kuma da abin da ya koya mini na ci abinci shekara talatin da biyar. Sai yanzu na tuna cewa shi ma yana da uwa. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba ta bar ɗanta ya taho arewa, ita ma tukunyarta ta yi mata girma, domin ɗan wani manomi da ba ta taɓa gani ba ya iya lissafi. An ce ɗa na kowa ne. Na ci moriyar na wata, ban ga yadda zan hana nawa ba. Na tambayi Auta ra'ayinsa, ya ce yana son zuwa. Muka yi addu'a muka bar shi a haka.

Akwatin ƙarfe ya wuce, yanzu jaka ce mai taya, da caja da fawa-bank. Amma da na leƙa abin da mamansu ke cusawa a ƙasa, kuka ce da daddawa da yaji da dambun nama, kusan abin da aka cusa mini shekara hamsin da suka wuce. Alawus ɗinsu ya kai naira 77,000 tun 2025, har Hajiya ta ce ashe ƙaramin mijin ya fi babban samu, za ta sake shawara. Ba ta san na babban a lokacinsa yana sayen shinkafa kusan buhu biyu ba, na ƙaramin kuwa ɗaya ne in an yi sa'a. Kuɗin mota kaɗai, tun da aka cire tallafin mai a 2023, ya isa ya cinye rabinsa. Ni na kai shi tashar manyan motoci ta Sabon Gari da kaina. Ban tafi gona ba. Na tsaya har aka gama lodi, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ka koma gida mana, rana ta yi." Na ce masa yanzu zan tafi. Ina nan tsaye har motar ta sha kwana.

Gidan yanzu da wuri ake rufe shi. Babu takalma birjik a ƙofar falo, babu mai kukan an ɗauke masa caja, babu wanda zan zauna jira bayan isha'i ina kasa kunne ga ƙarar ƙofa. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma waya ta rage wa wannan magana ƙarfi. Abin da mahaifina ke jira wata guda ya samu a falle ɗaya, mu muna samunsa sau goma a yini. Kwana huɗu da fita daga sansani Auta ya kira ta bidiyo, tukunya a gabansa, yana tambaya kuka ake fara zubawa ko ruwa. Mamansu tana ba da umarni daga Kano, miya tana kaɗuwa a Kuros Riba, Hajiya tana leƙa fuskar wayar tana cewa wannan ko akuya ba za ta sha ba. Suna da zaurensu na WhatsApp da suka sa mu a ciki, inda ake faɗa da shiri kamar dai suna tsakar gida. Mamansu ta iya sa hoto a sitatus: na lauya da dogon kirari, na likitan waya da addu'o'i, na Auta cikin kakinsa har sau uku a rana. Na Yayansu sau ɗaya ta taɓa sawa, ranar da aka ƙara masa girma a wurin aiki, kuma ba ta rubuta komai a ƙasa ba sai "Alhamdulillahi". A wayarta ma "Yayansu" ta adana lambarsa.

Bara da damina na je garinmu ta'aziyya a motar haya. Akwai wani rafi a hanyar da tun muna yara in ya kawo sai a kwana a gaɓa ana jiran ya janye. Kamfanin da yaron nan ke wa aiki ne ya samu kwangilar gadar, shi ya tsaya a kan aikin wata goma sha ɗaya. Da muka iso, ruwa ya cika maƙil yana wucewa ta ƙasa, na roƙi direba ya ɗan rage gudu. Ya tambaye ni lafiya. Na ce, "Wani yaro da na sani ne ya yi aikin nan." Wata tsohuwa a kujerar baya, da kaji a ƙafarta, ta ce, "Kai, Allah ya yi masa albarka, shi da iyayen da suka haife shi. Haihuwar jikata a bakin rafin nan aka yi ta." Duk motar aka ce amin. Ni ma na ce amin, na juya fuskata wajen taga. Da na dawo gida ban faɗa masa ba.

Babbar Sallar bana duk sun zo, har Auta ya samu izini. Aka sauko da tukunyar daga saman kanta, aka wanke ƙurarta. Yaron nan yanzu yana da 'ya, shekararta uku, kuma da ita na gane abin da Hajiya ta daɗe tana mora: ƙofar nan da aka rufe mini a kan ubanta, a kanta a buɗe take. Amarya nake ce mata, mamansu kuma ta samu kishiya. Da yamma ana aikin nama a tsakar gida, shi yana can gefe kusa da rariya ya sunkuya yana yanka, ita tana kan cinyata da tsoka a hannu. Na ɗaga murya yadda za a ji, na ce, "Amarya, kin san gadar nan ta hanyar garinmu? Na bi ta kanta da damina, ruwa ya kawo iya wuya, ko gezau ba ta yi ba. In kin ga wanda ya yi ta, ki ce masa aiki ya yi kyau. Ki ce masa angonki ya ji daɗi ƙwarai."

Ta juya da maiƙo a baki ta ce, "Abba, wai ka ji?"

Wuƙar ta tsaya. Bai ɗago ba. Can ya ce, "Na ji. Ki ce masa an gode."

Daga madafa mamansu ta ƙwala kira, wai samari biyu su zo su kama mata tukunya, ta fi ƙarfin mutum ɗaya.